A Tambayi Mai Ɗa

A ƙasarmu ta Kazaure da Roni da Gwiwa, har zuwa Babura can bakin iyakar Nijar, in ka tambayi dattijo hannu nawa ne suka ciyar da shi kafin ya kai shekara bakwai, ba zai sha wuyar ƙirga su ba. Akwai hannun uwa, da na kaka, da na abokiyar zaman uwa, sai kuwa na maƙwabciya wadda danga ɗaya ta raba gidajensu. Dukan waɗannan sun san yaron tun daga ranar suna. Sun san abin da cikinsa ke karɓa, sun kuma san abin da in ya ci sai an kwana ba barci. Saboda haka a wancan zamani ba a bukatar takarda, ba a kuwa bukatar dogon bayani.

Yau zamani ya sake. Tun bayan dokar ilimi ta 2004, wadda ta sa renon ƙananan yara a cikin aikin hukumomin ilimi, aka yi ta buɗe azuzuwan share fage a jikin makarantun firamare. Masu hali kuma suka buɗe nasu makarantun reno, makarantun Islamiyya ma suka shiga karɓar 'yan ƙanana. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu yakan bar gida da sassafe, ba ya komowa sai azahar ta kusa. A tsakanin nan yana hannun malamar da watakila ba ta taɓa ganin uwarsa ba, a cikin ɗaki cike da yara irinsa. In an ba shi abin ci, hannun da ya ba shi baƙon hannu ne, komai kyan niyyar mai shi.

To, ga tambayar da nake so mu duba tare, ya kai mai karatu. Shin ya wajaba makaranta ta nemi izinin iyaye kafin ta ba ƙaramin yaro abinci, ko da kuwa abincinmu ne na gargajiya, irin su kunun gyaɗa da ɗanwake da dambun zogale? Ni a ganina ya wajaba. Zan faɗi dalilaina, sa'an nan in faɗi yadda ya kamata a nemi izinin, gama akwai neman izini na gaskiya, akwai kuma na cika takarda kawai.

Yadda maganar ta taso

Ina cikin kwamitin iyaye da malamai na wata makaranta inda jikokina biyu ke ajin share fage. Wata rana malamai suka kawo mana shawara mai kyau. Suka ce sun lura yara da yawa ba su zuwa da kome sai biskit da alewa da lemon leda, har akwai wanda aka nuna masa hoton tubani bai san sunansa ba. Don haka suna so su keɓe rana ɗaya a kowane mako, a dafa ɗan abincin gargajiya, kowane yaro ya ɗanɗana, a gaya masa sunan abincin da abin da aka yi shi da shi. Kowa ya yi na'am da wannan. Amma da shugabar makaranta ta ce za ta aika wa kowane gida takardar neman izini tukuna, sai wuri ya ɗauki surutu.

Wani dattijo, mutumin kirki, ya miƙe ya ce, "Malama, Allah ya gafarta miki, yanzu a ƙasar Hausa sai an rubuta takarda kafin a ba yaro kunu? Ashe ba a ce ɗa na kowa ne ba? Wannan ai al'adar Turawa ce, su da ba su san maƙwabtaka ba." Mutane da dama suka ce gaskiyarsa.

Can daga bayan ɗaki, wajen da mata ke zaune, sai wata baiwar Allah ta yi sallama ta ce, "Baba, a yi mini haƙuri in ce wani abu. Ɗana na uku in ya ci abin da aka sa gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli ne, kafin a jima leɓensa ya kumbura, jikinsa duk ya yi borin jini. Sau ɗaya har numfashinsa ya so ya gagara, sai da muka kwana asibiti. Duk gidanmu an sani, maƙwabta ma sun sani. Amma Malama ba ta sani ba, shi kuma yaro bai iya faɗa ba. In ya ga 'yan'uwansa na sha, shi ma zai miƙa hannu."

Aka yi shiru. Dattijon nan ya jinjina kai ya ce, "'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A aika da takardar." Ba wanda ya ƙara musu, aka shiga maganar yadda za a rubuta ta.

Tambayar mai ɗa tsohuwar al'adarmu ce

Maganar dattijon nan ta farko tana bukatar amsa, domin mutane da yawa haka suke gani. Gaskiya ne ɗa na kowa ne. Ma'anar wannan kuwa ita ce, in ka ga yaro zai faɗa rijiya ka riƙe shi, in ka ga yana ɓarna ka tsawata masa, in ka ga yana jin yunwa ka ji tausayinsa. Amma ko a dā, mace mai hankali in aka kawo mata goyon da ba ta sani ba, ba ta ɗura masa kome sai ta tambayi uwar, "An fara ba shi kunu? Yana shan nono?" Fulanin da ke kawo mana nono daga rugage su ma haka suke yi. Tambayar nan ita ce neman izini. Abin da ya sake kawai shi ne, dā uwar tana zaune a kan tabarma kusa da ke, yau kuwa tana gida ko gona, ɗanta yana makaranta. Takarda ita ce ɗan aiken da ke kai tambayar, ya komo da amsa.

Dubi kuma yadda muke yin yaye. Ba a wayi gari haka kawai a cire yaro daga nono. Sai uba da uwa sun yi shawara, an sa rana, an gaya wa kaka wadda za a kai mata shi, ita kuma ta tanadi abin da za ta rarrashe shi da shi. Malamai sun karantar da mu cewa a Suratul Baƙara, aya ta 233, inda aka yi zancen shayarwa ta shekara biyu, an ɗora yaye kafin cikar wannan lokaci a kan yardar uwa da uba da shawara tsakaninsu. Ashe tun kafin a san makarantar reno, mun san cewa abin da ke shiga cikin ƙaramin yaro magana ce ta iyayensa biyu.

Abin da uwa ta sani, malama ba ta sani ba

Abincinmu lafiyayye ne, shi ya gina kakanninmu da suka yi noma da fatauci a ƙasa. Amma abincin wani gubar wani. Akwai yaran da Allah ya halitta jikinsu ba ya karɓar wani abu, galibi gyaɗa, ko ƙwai, ko madarar shanu, ko kifi, ko riɗi. Irin waɗannan yara ba su da yawa, amma akwai su, kuma ba a gane su a fuska. Alamun da ake gani su ne ƙaiƙayi, da borin jini, da kumburin leɓe ko fuska, da amai. Mafi haɗari shi ne in maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. In an ga haka ba a jiran kowa, ba a tsayawa ba da ruwa ko man ja, sai a ruga da yaro asibiti mafi kusa, gama akwai allurar da likita ke yi nan take, ita ce ke ceton rai da ikon Allah.

Ka lura da waɗannan abubuwa da na lissafa. Gyaɗa tana cikin kunun gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da yajin tsire, da kwaɗon zogale da na rama, man gyaɗa kuwa yana kan ɗanwake da dambu. Riɗi, wanda manoman Jigawa ke nomawa har ana fita da shi ƙasashen waje, shi ne kantu. Nono kuwa shi ne abokin fura. Watau abincin da muka fi alfahari da shi, shi ne wanda ya fi bukatar a tambaya.

A Ingila, cikin 2016, wata yarinya 'yar shekara 15 ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama, ba ta san akwai riɗi a cikinsa ba domin ba a rubuta a jikin takardarsa ba. Ta ci, ta rasu. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka yi doka, wadda ta fara aiki a 2021, cewa duk abincin da aka naɗe a shago don sayarwa sai an rubuta abin da ke cikinsa. A can kuma ƙa'ida ce makarantar reno ta tambayi iyaye abin da yaro ba ya ci tun kafin ta karɓe shi. Ba rashin maƙwabtaka ya kai su ga haka ba, asarar rai ce ta koya musu.

Bayan wannan akwai maganar shekaru. Ƙwayar gyaɗa, da aya, da gurjiya, da ƙwallon dabino ko na magarya, duk suna iya sarƙe ƙaramin yaro, musamman in yana ci yana dariya ko yana gudu. Likitoci sun ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba ƙwayar gyaɗa sai an niƙa ta. Zuma kuma, duk da albarkarta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai yi ƙwarin da zai kashe ta ba. Wannan ya shafi gidajen reno da ke karɓar 'yan goye. Akwai kuma yaron da ke shan magani, da mai ciwon sikila, da wanda bai daɗe da tashi daga gudawa ba. Duk waɗannan uwa ce ta san su.

Sai maganar inda abincin ya fito. Gyaɗa ko masarar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe shi. A Kenya, cikin 2004, mutane fiye da 100 suka rasu saboda cin irin wannan masara. Waken da aka zuba wa maganin ƙwari a rumbu shi ma abin tsoro ne. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, cikin watan Yuli na 2013, yara 23 suka rasu bayan sun ci abincin rana a makaranta, aka bincika aka tarar maganin ƙwari ya gauraya da man girkin. Uban da aka nemi izininsa yana da damar ya tambaya, "Wa zai dafa? Ina aka sayo waken? Da wane ruwa za a dama furar?" Makarantar da ta san za a yi mata waɗannan tambayoyi kuwa, tilas ta gyara madafinta.

Darasin da Kano ta koya mana

Watakila wani ya ce, to, ai duk wannan ana iya kiyaye shi ba tare da an dami iyaye ba. Ga amsata. Ko da abincin ba shi da aibi ko kaɗan, rashin tambaya shi kansa yana da nasa ciwon, ciwon kuwa shi ne zargi. Mu da muke kan hanyar Kano zuwa Daura, duk abin da ya faru a Kano a kunnenmu yake.

Cikin 1996 aka yi annobar sanƙarau mai tsanani a Arewa. A lokacin nan kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara wajen 200 ne gwajin ya shafa, aka ba rabinsu sabon maganin, aka ba rabi wanda aka saba da shi. Yara 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu kuma suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ka ga gardamar duk a kan abu ɗaya ta tsaya: an tambayi masu 'ya'yan, ko ba a tambaye su ba? In an tambaye su, sun gane abin da aka tambaye su?

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A 2003, da jita-jita ta bazu a kan maganin rigakafin shan inna, mutane da yawa suka tuna da abin da ya faru a 1996, suka rufe ƙofofinsu. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a komo da shi ba sai a watan Yuli na 2004. A tsakanin nan cutar ta sami sarari, ta shanye ƙafafun yara, har ta tsallaka waɗansu ƙasashe. Sai da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga gida gida suna bayani, kāna aka shawo kan al'amarin, har a 2020 aka tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar ta bar Nijeriya da Afirka baki ɗaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na san kofin kunu ba magani ba ne. Amma zuciyar iyaye ɗaya ce. A ƙauyukanmu har yanzu akwai uban da da ƙyar aka shawo kansa ya sa 'yarsa makaranta. In wata rana yarinyar ta komo da ciwon ciki, ta ce an ba ta wani abu a makaranta, shi kuwa ba a taɓa gaya masa ana ba da abinci ba, gobe ba za ta koma ba, kuma ba ita kaɗai ba. Amma in da an tambaye shi tun farko, ya san rana, ya san mai girki, to zai zo ya yi bincike cikin mutunci, ba zai zo da faɗa ba. Makaranta ba ta da jarin da ya fi yardar iyaye.

Kada tsoro ya hana yara abincinsu

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a daina ba yara abincin gargajiya. Allah ya kiyaye! Wannan shi ne zai fi kome muni. Binciken lafiyar jama'a da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna cewa fiye da 60 cikin 100 na yaran Jigawa waɗanda ba su kai shekara biyar ba sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Babban dalilin wannan shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki tun suna ƙanana, tare da yawan cuta. Abin mamaki kuwa, maganin yana gonakinmu. Wake da gyaɗa da waken suya suna gina jiki. Zogale da kuka da rama da yakuwa suna ƙara jini da lafiyar ido. Gero da dawa suna ba da ƙarfi. Ga kifi daga madatsar ruwa ta Kazaure, ga kayan lambu na rani, ga nono daga rugage. Yaron da ya sha kunun gyaɗa ya ci ɗanwake ya fi wanda ya cika cikinsa da biskit da ruwan zaƙi, ko da na biyun ya fi tsada.

Har ma game da gyaɗar da muke tsoro, likitocin London sun ba da sakamakon wani bincike a 2015 wanda ya ba mutane mamaki. Sun bi jarirai fiye da 600 waɗanda ake jin tsoron gyaɗa ba za ta karɓe su ba, har suka kai shekara biyar. Waɗanda aka fara ba su niƙaƙƙiyar gyaɗa tun suna jarirai, kaɗan ƙwarai ne daga cikinsu suka sami wannan larura in an gwada da waɗanda aka hana. Ashe iyayenmu mata da ke fara wa yaro kunun gyaɗa bayan ya cika wata shida suna kan hanya. Sai dai yaron da aka riga aka ga alamar a jikinsa, shi kam ba a gwada shi a gida ko a makaranta, sai an ga likita.

Mun kuma ga amfanin ciyarwa a makaranta da idonmu. A 2016 gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da 'yan firamare aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 kowane yaro a rana, Jihar Jigawa ma ta shiga. Matan gari aka ɗauka su dafa, da nufin a sayi kayan daga manoman wurin. Lokacin da abincin ke zuwa, azuzuwa sukan cika har da ƙannen da ba a rubuta sunansu ba. An dakatar da shirin a farkon 2024. Abin da na riƙe daga gare shi shi ne, inda iyaye suka san mai girki, suka san abin da ake dafawa kowace rana, ba a jin ƙorafi sai na a ƙara.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, harshe ma haka. Yaron da bai saba da ɗanɗanon daddawa da kuka da tsamiya yana ƙarami ba, da wuya ya so su da girma. Sau da yawa yaro yakan ture sabon abinci, sai an ba shi sau goma ko fiye kāna ya karɓa, kuma ya fi saurin karɓa in ya ga tsaransa suna ci. Wannan shi ne abin da makaranta ta fi gida iyawa. Saboda haka neman izini ƙofa ce da za a buɗe wa wannan alheri don ya daɗe.

Yadda ya kamata a nemi izini

Da fari, a rubuta takardar da Hausa, da manyan baƙaƙe, cikin kalmomin da kowa ya sani. In da hali a yi ta da boko da ajami, gama akwai dattawanmu da yawa da ajami suka iya. Takardar da aka rubuta da Turanci aka aika wa mutumin da bai ji ba, aka ce ya dangwala yatsa, ba izini aka nema ba, kariya aka nema wa kai.

Na biyu, a faɗi abin da za a ba yara da sunansa, da abin da ke cikinsa. Kada a ce "abincin gargajiya" a yi shiru. A ce, ran Laraba kunun gyaɗa, akwai gyaɗa da shinkafa da tsamiya da sukari. Mako mai zuwa ɗanwake, akwai garin wake da na rogo da kuka da kanwa da man gyaɗa. A faɗi wadda za ta dafa, a kuma bar ƙofar madafi a buɗe ga duk uwar da ke so ta leƙa.

Na uku, a yi wa iyaye tambaya a fili: akwai abin da in yaron nan ya ci yake sa shi kumburi, ko ƙaiƙayi, ko amai, ko gudawa? Yana shan wani magani? Wa za a nema in wani abu ya faru? Amsar kuwa kada a jefa ta cikin akwati. A rubuta sunayen yaran da aka ce a kiyaye, malamar aji da mai girki kowace ta riƙe nata.

Na huɗu, kuma wannan shi ne wanda aka fi mantawa, a tambayi wanda ya san yaron. Takardun makaranta galibi sunan uba kawai suke nema. Izinin uba wajibi ne, shi ne maigida. Amma da rani maza da yawa na ƙasarmu suna Kano ko Legas ko Abuja wajen cin rani, kuma ko suna gida, uwa ce ta san abin da yaro ya ci jiya da abin da ya amayar. In ɗan fari ne, sau da yawa uwar tana kunyarsa, yana hannun kaka tun daga yaye. In ɗan riƙo ne, yana hannun gwaggo ko inna. Saboda haka a bar wuri biyu a takarda, ɗaya na uba ko waliyyi, ɗaya na wadda ke ciyar da yaron kullum.

Na biyar, wanda ya ce a'a a karɓi a'arsa ba tare da gori ba. Kada a ware ɗansa a bar shi yana kallon bakin 'yan'uwansa. A ba shi wani abin da iyayensa suka yarda, ko ya ci guzurinsa tare da su a tabarma ɗaya. Sau da yawa uban da ya ƙi a zangon farko, in ya ga 'ya'yan maƙwabta lafiya lau, da kansa zai zo ya ce a sa nasa.

Aikinku, ku da kuka yi yaƙi da jahilci

'Yan'uwa maza da mata da kuka zauna a aji da girmanku har kuka karɓi takardar shaida, wannan magana taku ce fiye da kowa. Dā in an kawo takarda gida, sai a nemi ɗan makaranta ya karanta, ko a dangwala yatsa a ce Allah ya sa alheri ne. Yanzu kun fita daga wannan. In ɗanka ya kawo takarda daga makaranta, zauna ka karanta ta tun daga sama har ƙasa, ka karanta wa uwarsa in ba ta iya ba, ku yi shawara. Abin da ba ka gane ba ka je ka tambaya, gama mai tambaya ba ya ɓata. Ke kuma uwargida, in kin san wani abu game da cikin ɗanki, ɗauki alƙalami ki rubuta da hannunki, ko da layi ɗaya ne. Layin nan yana iya zama sanadin tsirar ransa.

Sa'an nan ku tuna da maƙwabtanku waɗanda ba su sami zuwa aji ba tukuna. Ku karanta musu takardar kamar yadda take, kada ku rage, kada ku ƙara, kada kuma ku yanke musu shawara, gama ɗansu ne. In kuwa makarantar 'ya'yanku tana ba da abinci ba ta taɓa tambayarku ba, ku je wurin shugabanta cikin ladabi, ku nemi a fara. Malamin kirki ba zai ji haushi ba, murna zai yi, domin kun rage masa nauyin da yake ɗauke da shi shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya raya mana zuriyarmu, ya ba su lafiya da ilimi mai amfani, ya sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu. Amin.